Yadda ake saka tambari a bayan rubutu a Word

Masu shagon buga takardu sun saba da wannan aiki, musamman takardun makarantu.

1. Buɗe sabuwar takarda, ka shiga Design, ka danna Watermark, sannan Custom Watermark. A Word 2010 kuwa, yana ƙarƙashin Page Layout.
2. Zaɓi Picture watermark, ka ɗauko hoton tambarin daga kwamfutarka.
3. Kada ka taɓa Washout. Shi ke dusashe hoton. In ka cire shi, rubutu na iya yin wuyar karantawa, ga ɓarnar tawada.
4. Danna OK.
5. Wajen ajiyewa, zaɓi Word Template, wato .dotx. Duk wasiƙar da ka buɗe daga gare shi za ta fito da tambarinta.