Kurakuran da aka fi yi wajen fatsar kifin kap a saman ruwa lokacin hunturu

Masu fatsa a Ingila ba su da kifin da suke ji da shi kamar kap, kifin nan mai faɗin jiki da gashin baki huɗu, wanda babbansa kan haura kilo 10. Da bazara kama shi a saman ruwa ba wuya: ka jefa ɓawon burodi, ka ga baki ya ɓullo ya zuƙe. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu labari ya sha bamban. Yawancin waɗanda nake gani suna komawa gida hannu Rabbana, dabarar watan Yuli suka ɗauko suka zo da ita Janairu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba koto barkatai. Zafin jikin kifi da na ruwa tafiyarsu ɗaya, don haka idan ɗumin ruwa ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius, cikin kap ba ya narka abinci da wuri, loma biyu ko uku sun ishe shi yini. A hunturuna na farko, a wani ɗan tafki kusa da inda nake zaune, na hango inuwar kifi biyu a gefen ciyawar bakin ruwa, sai na marmasa rabin burodi na watsa musu. Kafin ka ce kwabo agwagi da tsuntsayen teku sun cika wurin da kuka da fuka-fuki. Ina kallo inuwar nan ta nutse a hankali, har faɗuwar rana ba ta dawo ba. Yanzu gutsure uku ko huɗu nake jefawa, kowanne kamar kan babban yatsa, kuma ba na ƙarawa sai na ga an ci na farko. Turawa sun fi son busasshen abincin kare saboda yana daɗewa bai nutse ba. Ni dai ɓawon burodi nake riƙe, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Sai rashin zaɓen rana. Ruwa ya fi nauyi idan yana kan digiri 4, shi ya sa bayan daren da raɓa ta daskare, saman tafki ya fi ƙasansa sanyi, kifi kuma ya lafe can ƙasa ko me za ka jefa masa. Ka jira sai an jera kwana biyu ko uku sanyi ya lafa, iska na busowa daga kudu maso yamma, rana ta fito. A irin wannan ranar ce kap ke tasowa shan ɗumi. Sammakon asuba da muka sani wajen masuntan gida ba ya aiki a nan. Lokacin shi ne daga tsakar rana zuwa wajen ƙarfe uku, tunda a Disamba kafin huɗu rana ta faɗi.

Wasu kuma da sun iso sai su kafa kujera kusa da mota su zauna. Da sanyi kifi ba ya yawo, cunkushewa yake a lungu ɗaya, ragowar tafkin fayau. Ka sa tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ka zaga a hankali, kana duba inda rana ke bugawa kuma iska ba ta isa, ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo ko gindin ciyawa. Kada ka jefa ƙugiya sai ka ga kifi da idonka.

Ruwan hunturu garau yake, kifi na ganin duk abin da ke samansa. Zare mai kauri, inuwarka a kan ruwa, takun takalmi, duk suna korar sa. Ka rage kaurin zare, ka durƙusa, ka jefa koton can gaba da shi sannan ka janyo sannu-sannu. Idan ya taso kada ka yi gaggawar fizga. Kap ɗin sanyi yakan zunguri burodi da baki sau biyu ko uku, ya juya, ya sake dawowa. Sai koton ya ɓace, zaren ya fara miƙewa, sannan ka ɗaga sanda. In ya ƙi tasowa gaba ɗaya, ka maƙala ɗan soso mai yawo a ƙugiya a matsayin koto, ka rataye shi kamar kamu ɗaya ƙasa da saman ruwa, sau da yawa a nan yake tsaye.

Abu ɗaya da ke damuna game da 'yan'uwanmu sababbin zuwa: a Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin hukumar kula da muhalli, wato Environment Agency, yake fatsa, tarar rashinsa kuwa na iya kaiwa fam 2,500, ban da izinin mai tafkin. Kuma a mafi yawan tafkunan nan ba a tafiya da kap gida don miya. Ka jiƙa hannunka, ka kwantar da shi kan tabarmar soso mai laima, kada ya taɓa daskararriyar ƙasa, ka zare ƙugiyar, ka riƙe shi cikin ruwa har sai ya kaɗa jela da kansa ya tafi.