Kurakuran da ake yawan yi wajen gyaran tsofaffin gidajen busar da hof a Ingila

Wanda ya bi hanyoyin karkara a Kent da Saseks, a kudu maso gabashin Ingila, zai riƙa hango wasu gine-ginen jan bulo masu rufi kamar malfa, da wata farar hular katako a tsololuwa. Ana ce musu ost. A cikinsu manoma ke busar da furen hof, wanda ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi. A 1878 gonakin hof a Ingila sun kai eka wajen 72,000. Yau ɗan kaɗan ya rage, kuma yawancin gine-ginen sun koma gidajen zama. A wajen mayar da su gidajen ne ake tafka ɓarna.

Tushen ɓarnar shi ne a ɗauki ost kamar ɗaki, alhali murhu ne babba. A ƙasa ake hura gawayi. A sama akwai daɓen katako mai ratsi-ratsi, an shimfiɗa masa wani yadi na gashin doki, a kai ake baza ɗanyen fure. Zafi ya ratsa furen, ya kwashi danshi, ya fice ta hula. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ɗanyen hof ruwa ne, sai an mayar da shi ƙasa da kashi 10 kafin a danna shi a dogayen buhuna. Ginin nan kaf ɗinsa an yi shi ne don iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Mai gyara da ya manta wannan, danshi zai tuna masa.

Shi ya sa toshe hula ya fi kowane kuskure muni. Hular tana zaune ne a kan sanda, tana da hannu mai kama iska, yana juya ta yadda kullum bayanta ne ke fuskantar iskar, bakinta kuma yana zuƙo tururi waje. Sabon mai gida ya ji tana ƙara da dare, sai ya sa a ƙwama mata ƙusa, ko ya cushe ramin da soso. Daga ranar ruwan sama zai riƙa shiga ta bakin da ba ya juyawa, danshin girki da na wanka kuma ya taru a ƙarƙashin rufi, katako ya fara ruɓewa ba wanda ya sani. Gyaran ba wuya: a bar ta ta juya, a riƙa shafa wa sandar man giris, a bar kafar iska. Duk bayan 'yan shekaru a sauko da ita, a sauya katakon da ya lalace, a sake mata farin fenti. Hular roba ta fi sauƙin kulawa, amma a ginin da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi da wuya hukuma ta yarda.

Sai siminti. Tsohon bulo da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗora shi, kwaɓi mai laushi da ke barin bango ya yi numfashi. In aka cike ratsin da siminti, ruwa ya rasa hanya sai ta cikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulo ta riƙa ɓantarewa. Duk wanda ya ga yadda shafen siminti ke cinye katangar laka a tsohon birnin Kano ko Zariya ya san wannan ciwon. A kankare simintin da hannu, ban da injin yanka, a mayar da farar ƙasa.

Rufin ma haka. Tayil ɗin yumɓu na ost mai zagaye tsukakke ne ta sama, don ya bi lanƙwasar malfar. Tayil ɗin kanti ba ya zama.

Tagogi kuwa, nan son zuciya ke shigowa. Hasumiyar murhu ba ta da taga sosai, don haka cikinta duhu, mai gida kuma yana son haske. Sai a huda bango nan da can, a saka manyan gilasai masu firam ɗin roba, gini ya koma kamar kwando. Abin da ya fi shi ne a fara amfani da ƙofofin da ke akwai, irin ƙofar sama ta ɗakin ajiya da ake miƙa buhuna, sabbin tagogi su zama ƙanana, a ɓangaren da ba a hange daga hanya.

Wasu kuma suna rushe hasumiya mai kusurwa huɗu, wai mai zagaye ce ta asali. Ba haka ba ne. Masu kusurwa sun riga, masu zagaye suka yi tashe a farkon ƙarni na 19 bisa zaton sun fi rarraba zafi, daga baya aka gane ba bambanci, aka koma wa masu kusurwa don sun fi sauƙin gini.

Batun doka ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Dokar 1990 ta kare gine-ginen tarihi ta ce duk aikin da zai sauya kamannin ginin da ke cikin rajista, ciki ko waje, sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma yin sa ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai. Mutane suna duba rajistar Historic England, hukumar adana gine-ginen tarihi ta Ingila, ba su ga sunan ost ɗinsu ba, sai su saki jiki. Amma ginin da ke harabar gidan gona mai rajista, in ya riga 1 ga Yulin 1948, yana iya shiga kariyar gidan. A tambayi jami'in adana gine-gine tun kafin magini ya kafa tsani. A kuma sa a duba ko akwai jemagu a rufin, domin dokar kare namun daji ta 1981 ta kare su da maɓoyarsu, kuma in an same su, sai an karɓo lasisi daga Natural England, hukumar kula da muhalli da namun daji ta Ingila, kafin a ɗaga tayil ko ɗaya.