Yadda nake gano firinta a ofis ba tare da sanin lambarta ba

Ranar da aka kawo mana sabuwar firinta, babu wanda ya san lambar IP ɗinta, wato adireshinta a hanyar sadarwar ofis. Na buɗe wurin rubuta umarni (terminal) a kwamfutata mai tsarin Ubuntu, na rubuta avahi-browse -art, umarnin Avahi, manhajar da ke gano na'urorin da ke kan hanyar sadarwa, sai ga sunanta da lambarta a allo.

Abin kamar shela ne a kasuwa. Kwamfutarka za ta jefa tambaya ɗaya zuwa 224.0.0.251 ta ƙofa 5353, kowa ya ji, wanda abin ya shafa ne kaɗai zai amsa. Wannan shi ne mDNS, Apple na kiran nasu Bonjour.

In ka ji shiru, fara da buɗe ƙofar a katangar tsaron kwamfutarka (firewall): sudo ufw allow 5353/udp. Sannan ka tabbata kai da firintar kuna sashe ɗaya na hanyar sadarwa (subnet), domin rauta, na'urar da ke haɗa sassan, ba ta ƙetarar da wannan shela. Nan na sha wuya kwana biyu cur, ashe wata firintar tana bene, a sashe daban. Magani shi ne ka samu kwamfutar da ke haɗe da sassan biyu, ka sa enable-reflector=yes cikin /etc/avahi/avahi-daemon.conf, ka sake tayar da Avahi.

Amma in na'urori sun kai ɗaruruwa, hayaniyar takan cinye wifi. Can gara ka rubuta su a DNS ɗin ofis, wato kundin da ke haɗa sunayen na'urori da lambobinsu.