Yadda Ake Kimanta Darajar Fastar Zanen da Aka Sake Bugawa

Yawancin fastocin shahararrun zane-zane dubbai ake buga su, shi ya sa sau da yawa firam ɗin ya fi takardar tsada. Amma akwai masu daraja, kuma gane su ba wuya.

Da farko wanke hannu, ka bari ya bushe, sannan ka zare fastar daga firam a hankali. Duba gefenta na ƙasa, inda ake sa sunan maɗaba'a da shekarar bugu da ƙananan haruffa. Idan zanen Van Gogh ne, wanda ya rasu a 1890, amma ga layukan nan na lambar kaya da ake haskawa a kanti, magana ta ƙare, bugun zamani ne: sai a 1974 aka fara amfani da su wajen ciniki.

Sai ka ɗauko gilashin ƙara girma mai ninki 10, ka kafa shi kan wuri mai launi. Bugun inji na zamani zai nuna ɗigo-ɗigo a jere kamar saƙar raga, da tawada huɗu kacal: shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi. Tsohon bugun dutse, wato wanda ake zana hoton a kan dutse sannan a buga shi a takarda, irin wanda mai zane Toulouse-Lautrec ya yi wa gidan rawa na Moulin Rouge a Faris a 1891, ba shi da wannan jeri. Launinsa shimfiɗe yake, ko tsaki-tsaki barkatai. In kana da fitilar duba jabun kuɗi, haska bayan takardar cikin duhu. Idan ta yi ƙyalli fari fat, mai yiwuwa an sa mata sinadarin ƙara fari, wanda ya bazu daga shekarun 1950.

Sa hannun mai zane ne ya fi yaudarar mutane. Wanda aka buga tare da hoton, shi ma ɗigo-ɗigo ne, ba ya ƙara ko sisi. Na gaske yawanci da fensir ake yi a farin gefe, tare da lamba irin 45/200, wato kwafi na 45 cikin 200.

Yanzu lafiyar takardar. Karkata ta ga haske ka nemi yagewa, karyewar ninki, hujin ƙusa, tabon salatif da jajayen ɗigon da danshi ke bari. Hoton da ya koma shuɗi-shuɗi rana ce ta cinye ja da rawayarsa, kuma ba su dawowa. Yanke gefe ko manna ta a kwali da gam yana karya farashi ƙwarai. Kada ka ce za ka gyara da kanka. Ɓarnar mai gyara ta fi ta tsufa muni.

Daga nan ka nemi irinta sak a intanet, girma ɗaya, maɗaba'a ɗaya. A shafin saye da sayarwa na eBay ka zaɓi waɗanda aka riga aka sayar, don kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne abin da aka biya ba. Idan alamu sun nuna bugun dutse ne ko sa hannun fensir, ɗauki hoton gaba da baya da gefuna, ka aika wa gidan gwanjo mai sashen fastoci kafin ka sallama wa kowa.