Yadda Ake Maye Gurbin Murhun Duwatsu Uku da Murhun Ƙarfe Mai Bututu

Kafin hunturun Disamba ya kankama a Tawa ta ƙasar Nijar, a kwashe duwatsun da tokar, a daɓe wurin da siminti. Sannan a girka murhun nesa da katifa, labule da gidan sauro.

Bututun hayaƙi shi ne ya fi buƙatar kulawa: a huda bango, a fitar da shi har ya zarce rufi, a liƙe kewayensa da laka, kuma kada ƙarfen ya taɓa azara ko zana, domin zafinsa kaɗai yana iya tayar da gobara. A gwada shi da rana da busasshen itace, a duba ko hayaƙi yana fita ta mahaɗa. Da dare a bar taga a ɗan buɗe, musamman idan gawayi aka zuba, saboda gubarsa ba ta da wari.