Darasi na Bakwai: Awon Ruwa ga Mai Ciwon Ƙoda

Ƙoda biyu ce a jikin mutum, ta wajen baya, ƙasan haƙarƙari. Ita ke tace jini, ta fitar da datti da rarar ruwa ta fitsari. Hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen lalata ta. In ta gaza, ruwan da aka sha ba ya samun mafita, sai ya taru a ƙafa da fuska, wani lokaci har cikin huhu. Saboda haka babban aikin mai jinya a gida shi ne awo.

A nemi jarka mai murfi don tara fitsari. A zuba mata ruwan leda ɗaya, wato mililita 500, a ja layi inda ya tsaya. A ƙara wata ledar, a sake jan layi, har layi huɗu, sannan a zubar. Fitsarin farko na asuba ba a tara shi. Daga na biyu ake farawa, har zuwa na asubar gobe. A rubuta adadin a littafi, da kwanan wata. Fitsarin da bai kai layin farko ba a yini da kwana, a sanar da asibiti a ranar.

Ga wanda fitsarinsa ya ragu kuma yana kumburi, yawanci likita kan ce ya sha daidai fitsarin jiya, a ƙara mililita 500 na gumi da numfashi. In jiya ya yi 600, yau 1,100 ne rabonsa. Ba kowane mai ciwon ƙoda ake taƙaita wa ruwa ba, don haka likita ne zai yanke adadin, ba maƙwabta ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ƙirga ruwan sha kawai. Koko ruwa ne. Kunu, shayi, fura, miya da kankana duk suna cikin lissafi. Dabara mai sauƙi: da safe a zuba rabon yinin a roba ɗaya. In ya sha kofin koko, a ɗebe kofi ɗaya daga robar a zubar. In ƙishi ya dame shi, ya kurkure baki ya tofar, ko ya tsotsi ɗan guntun ƙanƙara. Inda akwai sikeli, a hau kowace safiya. Ƙarin kilo ɗaya cikin dare ba ƙiba ba ce, ruwa ne kimanin lita ɗaya.

Gishiri ke jawo ƙishin. Kada na yini duka ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafaffe. Dunƙule, kanwa, manda da kilishi duk gishiri ne a ɓoye, gara a raba masa tukunya. Ayaba, lemo, dabino da tumatir suna da sinadarin fotasiyam, wanda in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. A tambayi asibiti nawa zai ci.

Maganin ciwon jiki na kemis, irin su ibuprofen, diclofenac da piroxicam, yana cin ƙoda, yana kuma fasa gyambon ciki. Bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai da jini, alamar ciki na zubar da jini ce. Jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba ma a ajiye su.

Ranar da gudawa ko amai ya kama shi, lissafin ya sauya, don jiki na zubar da ruwa ta wata hanyar. Babba mai lafiyar ƙoda ana haɗa masa ƙunshin ORS ɗaya, wato garin gishiri da suga na masu gudawa, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zubar da ragowar bayan awa 24. Amma ORS na da fotasiyam, saboda haka mai ciwon ƙoda asibiti za a kai shi a ranar, tare da littafin awo da duk magungunansa. Haka nan in numfashi ya yi wuya a kwance, ko shaƙuwa ta ƙi tsayawa, ko ya fara ruɗewa.

Aikin aji: Mara lafiya ya yi fitsari mililita 750 jiya. Yau da safe ya sha koko mililita 300. Nawa ya rage masa zuwa asubar gobe?