Yadda Ake Gwada Ko 'Yan Mitsi-mitsin Zinariya Sun Ƙetare Shingen Ƙwaƙwalwa

Tun a 1885 Paul Ehrlich ya lura cewa rinin da ya ɗura wa dabba a jini ya kama gaɓoɓinta amma ya bar ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe cikin ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a ɗinke suke da juna gam, kuma wannan shingen ne ke hana yawancin magunguna isa inda ake so. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda ke son ya ga ko zinariya za ta iya ɗaukar magani ta wuce, ga hanyar da zai bi.

Da farko ya wanke kwalabensa da haɗin asid haidirokulorik kashi 3 da naitirik kashi 1, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, ya ɗauraye, ya rufe su, domin ƙurar hunturun Zariya kaɗai ta isa ta ɓata aikin. Sannan ya bi hanyar Turkevich ta 1951: ya tafasa ruwan asid kuloro'orik, wato sinadarin da zinariya ke narke a cikinsa, ya zuba sodiyam sitiret yana motsawa. Ruwan zai dushe, ya yi duhu, sannan ya koma ja kamar zoɓo, alamar an samu ƙwayoyin zinariya masu girman nanomita 10 zuwa 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), waɗanda suka fi shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 520. A ajiye su a firji, kada a bari su daskare.

Gishiri ne abokin gabarsu. Idan ya ɗiga ruwan gishiri a ɗan kaɗan daga ciki, jan zai koma shuɗi-shuɗi saboda sun dunƙule, kuma haka za su iya yi a ruwan renon ƙwayoyin halitta. Don haka ake lulluɓe su da PEG, wani sinadari da ke hana su dunƙulewa, wasu kuma su maƙala musu tiransifarin, furotin ɗin da ke kai sinadarin ƙarfe, domin shingen yana da ƙofar da ke karɓarsa.

A nan ne, a ganina, aka fi yin tuntuɓe. Bayan ya rene ƙwayoyin hCMEC/D3, wato ƙwayoyin halittar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, a kan tacin Transwell da ke raba ruwan sama da na ƙasa, wajibi ne ya auna yadda shimfiɗar ke tare wutar lantarki kafin ya zuba zinariyar da kuma bayan ya zuba. Idan awon ya faɗi, to zinariyar da na'urar ICP-MS mai auna yawan sinadarai ta gano a ruwan ƙasa ba ta ƙofa ta bi ba, katangar ce ta tsage.

Gwaji a kan ɓeraye sai da izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi. Mafi yawan zinariyar a hanta da saifa take taruwa; a binciken De Jong da abokan aikinsa na 2008, masu nanomita 10 ne kawai aka gano a ƙwaƙwalwa, ba a ga masu 50, 100 da 250 a can ba. Kafin ya cire ƙwaƙwalwar ya wanke jijiyoyin da ruwan gishiri har jinin ya fita sarai, in ba haka ba zai ƙirga zinariyar da ke kwance cikin jijiya a matsayin wadda ta ƙetare.